Yis ɗin Kaka Ingvald a Bokitin Roba

Tromsø, farkon Janairu

Zuwa ga Kaka Ingvald,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya, kai da Kaka Borgny. Mun ji a rediyo irin ɓarnar da guguwar sabuwar shekara ta yi a wajenku. Na yi ta buga waya har yatsana ya gaji, layi a mace. Ko da yake in ma yana aiki ba ji za ka yi ba, kunnen nan naka sai abin da ya ga dama yake ɗauka. Don Allah ka rubuto mu san halin da kuke ciki. Tun rasuwar ƙanwarka, kakata, ku kaɗai kuka rage mana a Hornindal, kada ku bar mu cikin zullumi.

Mu nan kalau muke. Maigidana Eilif yana fama da ɗan tarinsa na kowane hunturu, ni kuma aiki ya sha min kai a asibiti. Matan garin nan kamar sun haɗa baki su haihu a watan da rana ba ta fitowa, mu ungozomomi ko zama ba ma samu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna a watan Yuli, ranar da aka taru ɗanɗanon giya a gidanka, na ce ni ma zan iya haɗawa, ka kwashe da dariya har kana ƙwarewa? To ban manta ba. Bana sai na yi giya, a nan saman benen da muke haya.

Matsalar ita ce kayan aiki. Wani kanti a Oslo ya aiko min da littafin kayansu mai hotuna, na duba har kaina ya ɗau zafi. Akwai tukunya mai lantarki da ke motsa kanta, akwai bokitin roba mai murfi, akwai ma'aunin zafi, da wani gilashi da ke yawo a ruwa wai yana faɗin yawan zaƙi, da murɗaɗɗen bututun tagulla na sanyaya ruwa, ga kwalabe da abin danna musu murfi. Sun ce ɗan koyo duk yana buƙatarsu. Eilif ya ce, "Ke dai sayi duka. In abin ya ishe ki, na samu tukunyar dafa kifi." Ni kuwa na tuna ban ga ko ɗaya daga cikinsu a gidanka ba. Ka faɗa min wanne ne dole, wanne ne na ado.

Kveik ɗin da ka cusa min a aljihu ranar da za mu taho, busasshen yis ɗin nan na gidanku, yana nan cikin gwangwaninsa a kantar kayan ƙanshi, saman murhu. Da shi zan fara gwadawa. In ya ƙi, in zubar in yi da na kanti, ai ba wani abu ba ne.

Ka ce wa Kaka Borgny safar da ta saƙa min ita ke riƙe da ni a sanyin nan.

Jikarka,
Tordis

Hornindal, ƙarshen Janairu

Tordis,

Muna lafiya, in har wannan lafiya ce. Takardarki ta daɗe a hanya, sai da aka janye itatuwan da suka faɗi a titi mai wasiƙu ya iso mu. Borgny garau take, bakinta ma ya fi da ƙarfi. Ni kuwa ga ni kwance da karyayyar ƙafa. Na fita ne in ɗaure ƙofar ɗakin wuta, inda nake yin giya, iska ta ɗauke rufin ɗungum, ta bar min azara guda a kan ƙwauri. Ki gai da Eilif, ki ce ya sha madara mai zafi da zuma.

Kafin ki karanta layi na gaba, ki tashi ki sauke gwangwanin nan daga saman murhu, ki naɗe shi ki sa a firiza. Tashi mana, ina jiran ki.

Kin dawo? To saurara. Ƙyallen da nake shanya yis a kai ya bi rufi, Allah kaɗai ya san tsaunin da ya sauka. Sauran yana cikin firiza a sito, tare da naman tunkiya. Wuta ta ɗauke kwana da kwanaki, ni ina asibiti, Borgny tana kaina. Ranar da ta buɗe firizar, nama ya narke, ruwan jini ya jiƙa komai, yis ya yi funfuna kore shar. Abin da ke cikin gwangwaninki shi kaɗai ya rage a duniya. Da na karanta inda kika ce in ya ƙi ki zubar, sai da Borgny ta kawo min ruwa.

Na san za ki ce in je wurin maƙwabcina Jetmund in roƙa. Zai ba ni kuwa, a kwarin nan ba a hana mutum yis, ba a kuma sayar da shi. Amma kowane gida da ƙanshin giyarsa. Namu na ɓawon lemo ne da ɗan ƙaurin madara, haka na tashi ina jin sa a rigar babana, shi ma haka ya ji a ta nasa uban. In na karɓi na Jetmund, giyar Jetmund zan riƙa sha a kwanona har in mutu. Kuma na san shi sarai, kullum sai ya ɗaga kwano ya ce, "Kai Ingvald, bana dai hannunka ya gyaru."

Ba zan iya tsayuwa ba sai ƙanƙara ta narke, ga shi rufi ma babu. Yis ɗin da ya daɗe yana shan zafin murhu ba zai jira ni ba, in ma da sauran rai a jikinsa. Dole a tashe shi yanzu, a ciyar da shi, ya hayayyafa, a kwashe sabo a shanya. Ba kuma wanda zai yi sai ke, ke da ko kofi mai kyau ba ki iya dafawa ba. Wai ni aka nuna wa wannan rana.

Littafin 'yan Oslo kuwa, ki hura wuta da shi. Abin da mutum ke buƙata tukunyar tagulla ce, da baho biyu na katako, ɗaya mai famfo a gindi, sai muciya, da tsiron sha'ir, da ɗanyun rassan eine, ɗan itacen dajin nan mai ƙanshi da ganye kamar allura. Ma'aunin zafi kuma na mene ne? Gwiwar hannunki aikin me take yi?

Kada ki taɓa komai sai kin rubuto min.

Ingvald

Tromsø, farkon Fabrairu

Kaka,

Sannu da jiki, Allah ya ba ka lafiya. Amma bari in faɗa maka gaskiya tunda ba mai faɗa maka sai Kaka Borgny: tsoho kamarka me ya fitar da shi cikin guguwa? Ƙofa ta fi ranka ne? Mu lafiya lau, tarin Eilif ya yi sauƙi, ya ce a gode maka, ko da yake zumar kawai ya lashe ya bar madarar.

Gwangwani yana firiza. Na buɗe na duba, 'yan ɓarɓashi ne da ba su cika cokali ba. Da farko wasa na ɗauki abin nan, in rama dariyar da ka yi min. Yanzu tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Batun kaya, na nemi bahon katako har ƙafata ta yi ciwo. Guda na samu a wani shagon tsofaffin kaya, an shuka furanni a ciki. Naka kuwa ko an ba ni kyauta ba zai hau matakalar gidan nan ba. Tukunyar tagulla kada ma a yi maganarta. Don haka ban ƙona littafin ba. Na zauna da shi ina bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne in tambayi kaina: wannan aikin wane abu yake yi a ɗakin wutar Kaka? Wanda ba shi da ɗan'uwa a wurinka in soke shi. Tukunyar lantarki ce ta fara tafiya, Eilif har da tagumi. Bututun tagulla ma na soke, mu da dusar ƙanƙara ta cika mana baranda me za mu yi da abin sanyaya ruwa? Kwalabe da gilashin zaƙi suka bi su.

Abin da na saya bokiti biyu ne na roba, irin na abinci, ɗaya da famfo a gindi. Sai ma'aunin zafi. Ka yi duk faɗan da za ka yi. Gwiwar hannuna ta san ruwan wankan jarirai, amma ban yarda da ita a kan gadon gidanku ba. Tukunya kuma Petra, tsohuwar da ke samanmu, ta ara min wadda take dafa kan rago a ciki. Ta ce, "Ki riƙe, 'yar nan, amma kofin farko nawa ne, ko daɗi ko ba daɗi."

Eine ma ya samu. Eilif ya hau tsauni ya tono shi daga ƙarƙashin dusar ƙanƙara, ya dawo hanci ja wur yana cewa auren 'yan Hornindal wahala ne.

Saura tambaya. Littafin ya ce a tafasa ruwan tsiro sosai, sannan a ajiye giyar a wuri mai sanyi. Ni kuwa ban taɓa ganin ka tafasa ba. Wa zan bi? Ka rubuto min komai filla-filla, kamar kana koya wa wadda ba ta san komai ba, don kuwa haka ne.

Taka,
Tordis

Hornindal, tsakiyar Fabrairu

Ja'ira,

Muna lafiya. Ƙafa tana ƙaiƙayi, likita ya ce alamar warkewa ce, ni dai ƙaiƙayin kawai na gani. Borgny na gaishe ki, ta ce faɗan da kika yi min ya yi mata daɗi, ki ƙara.

Bokitin roba! Yis ɗin da kakanninki suka yi renonsa a katako zai ƙare a abin jiƙa safa. Amma tunda abin da ke akwai ke nan, ki wanke su da tafasasshen ruwan eine har sai hannunki ya yi ja.

Kada ki tafasa ruwan tsiro. Mutanen kudu ke tafasawa, shi ya sa giyarsu take kamar alewar da ta ƙone. Ga yadda ake yi. Ki cika tukunyar Petra da ruwa da rassan eine, ki dafa har ruwan ya yi launin shayi. Ki shimfiɗa wasu rassan a gindin bokiti mai famfo, su ne matacinki. Ki zuba tsiro a kai, ki bi shi da ruwan, ki motsa har kowace ƙwaya ta jiƙe, zafinsa ya kai yadda yatsa ba zai iya zama a ciki ba. Ki rufe ki je ki ci abinci. In kin dawo ki buɗe famfo kaɗan, siriri kamar zare, ya riƙa zuba a ɗaya bokitin. Na sa miki furen ɗaci, wanda ke ba giya ɗacinta, a ambulan ɗin nan, ki ƙulle shi a ƙyalle ruwan ya bi ta kansa.

Ruwan da ya fara zuba ki ɗiba a kwano. In ya huce ya zama kamar madarar da aka tatsa yanzu, ki zuba yis ɗin duka. Duka na ce, ya yi kaɗan da a raba. In kin ga 'yan idanun kumfa suna tasowa a sama, to yana da rai.

Sa'ad da babban bokiti ya sauko zuwa wannan ɗumin, ki juye kwanon a ciki, kina juyewa kina kurma ihu iya ƙarfinki. Kada ki tambaye ni dalili. Babana ya yi, ubansa ya yi, giya ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Daga nan ki lulluɓe da bargo ki kai ɗakin ajiya inda ba mai giftawa, yadda nake yi. Kada ki buɗe, kada ki leƙa, kada ki tsoma komai a ciki, balle sandar gilashin nan taki ta auna zafi. Yis ɗinmu da kansa yake ɗumama kansa, kwana biyu ya ishe shi. In kumfa ta taru a sama ki kwashe, ki shafa a ƙyalle mai tsabta ki shanya.

Ban iya addu'a da kyau ba, amma Borgny tana yi.

Ingvald

Tromsø, ƙarshen Fabrairu

Kaka,

Ina fata ƙafa da sauƙi. Mu jikinmu lafiya. Na san an gyara muku waya, amma wannan ba labarin da za a yi wa mutum da ihu ba ne, shi ya sa na rubuto.

Da ransa ya zo, Kaka. A kwano ya buɗe idanu, ƙanana-ƙanana, har na ji ɗan ƙanshin nan na gidanka. Ni da Eilif muka yi ta rawa a kicin. Na bi duk abin da ka ce. Ihun ne kawai ban cika ba. Na buɗe baki, sai na tuna bangon gidan nan kamar kwali yake, ga Petra tana barcin rana, sai na yi ɗan "kai!" ƙasa-ƙasa. Muka lulluɓe bokitin da bargo, muka saukar da shi ɗakin ajiyarmu da ke ƙarƙashin bene. Ban buɗe ba, ban leƙa ba.

Yau na buɗe. Ruwa kwance lum, ko ɗigon kumfa babu. Na ɗanɗana, zaƙinsa yana nan yadda na zuba shi.

Na karɓi haihuwa ba adadi, na san shirun da ba na barci ba. A hannuna ya tafi, Kaka. Ban zubar ba tukuna, na kasa. Ka yafe min.

Tordis

Hornindal, farkon Maris

Tordis 'yata,

Muna lafiya, an ba ni sandunan dogarawa, ina ɗan zagaya ɗaki. Ki gai da Eilif, ki ce na gode da hawan tsaunin da ya yi.

Na karanta takardarki, na miƙa wa Borgny, ta karanta ta fita wurin tumaki, ta daɗe ba ta dawo ba. Ba zan yi miki ƙarya in ce bai yi min ciwo ba. Ji na yi kamar an sake binne babana. Da farko ma masifa na kama. Na ce, "An ce ta yi ihu, ta tsaya tana tari!" Borgny ta ce, "Rufe mana baki, tsoho. Yarinya ta ɗauki abin da ƙarti ke gudu, kai kana kwance kana ba da umarni kamar wani kyaftin." Ta kuwa fi ni gaskiya.

Ba abin yafewa a nan. Guguwa ce ta kashe shi, ke kin dai zauna da shi a ƙarshe, kin kuma ji ƙanshinsa. Wannan ma na ji daɗinsa.

Ki zubar da ruwan, ki wanke bokitanki, ki mai da wa Petra tukunyarta. Ran Lahadi mai zuwa in an taso daga coci zan ɗauki kwalba in dogara zuwa gidan Jetmund. Gara in gama da abin tun ba a yi rufi ba, ya yi dariyarsa ya huce.

Kada ki sa abin a rai.

Kakanki,
Ingvald

Tromsø, tsakiyar Maris

Tsoho mai rigima,

Gaisuwa da fatan alheri, ya ƙafa? Na san ran Lahadi ka nemi sandunanka ka rasa, ka kuma ɗaga gida da faɗa. Suna cikin ciyawar tumaki. Ni na buga wa Kaka Borgny na ce ta ɓoye su, na kuma sa ta rantse ba za ta faɗa maka dalili ba. Yanzu ajiye takardar nan, ka kwance ƙullin da ya zo da ita, ka kai hancinka.

Ka ji? To zauna in ba ka labari.

Ranar da na jefa waccan takardar a akwati, na wuce asibiti zuciyata a jagule. Muna da wata bakwaini a kwalba, 'yar mitsitsiya. Ubanta wani ƙaton masunci ne, ya tsaya yana share gumi ya ce, "Ungozoma, wannan zafin bai yi mata yawa ba? Ni fa da taga a buɗe nake kwana." Na ce masa, "Kai ai ƙato ne, jikinka yana riƙe ɗuminsa. Ƙaramin jiki nan da nan yake hucewa." Ina rufe baki na tsaya cak, har mutumin ya tambaye ni ko lafiya.

Kaka, bahonka maza biyu za su yi wanka a ciki. Dole ya ɗumama kansa. Ɗakin ajiyarka kuma bango ɗaya ne da ɗakin wuta. Nawa ɗan bokiti ne, ɗakin ajiyarmu kuwa dankali ma daskarewa yake yi a ciki. Kai ba ka taɓa yin giya kaɗan ba, ni ban taɓa yi ba sam, shi ya sa ba wanda ya lura a cikinmu.

Ana tashi daga aiki na sauka da gudu, na karya dokarka, na tsoma sandar gilashin nan da ka raina. Sanyin firij ta nuna. Ashe ba mutuwa ya yi ba, sanyi ne ya kwantar da shi, sanyin ne kuma ya hana ruwan yin tsami. Ni da Eilif muka kinkimo bokitin muka hau da shi banɗaki. Ka san daɓen banɗakinmu da wayar ɗumi a ƙarƙashinsa. Na murɗa ta har ƙarshe, na jera robobin ruwan zafi kewaye da bokitin, na sa masa rigar ulun Eilif. Da ma'auni ya hau zuwa ɗumin madara, na ƙona muciya da ruwan zafi na motsa, sannan na yi ihun.

Wannan karon na yi shi da gaske. Abin da ban sani ba shi ne bututun iskar banɗaki ya ratsa gidan daga sama har ƙasa. Petra ta sauko da takalmi ƙafa ɗaya tana dukan ƙofa: "Ke Tordis! Aikin kika kawo mana gida? Wa ke naƙuda?" Mutumin ƙasa ya hau da tukunyar kashe gobara. Eilif ya tsaya a bakin ƙofa yana ba su haƙuri, wai al'adar dangin matarsa ce, shi ma bai san da ita ba sai bayan aure.

Na hana kowa shiga banɗakin. Eilif a wurin Petra ya riƙa aski da sauran buƙatu. Washegari da rana ina wanke kwanuka na ji wani sauti kamar ana suya. Na leƙa, sai ga kumfa ta ɗaga murfi, mai kauri, tana gangarowa kan rigar ulu. Ƙanshin ɓawon lemo har matakala. Na zauna a daɓen nan mai zafi ina kuka ina dariya, ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Na kwashe, na shafa a ƙyalle, na shanya. Abin da bai cika cokali ba ya cika kwalbar jam har ya yi saura. Shirun da na yi maka da gangan ne. Sau ɗaya na karya maka zuciya, na ce ba zan sake buɗe baki ba sai yis ya bushe yana hannuna. Ana cikin haka takardarka ta iso da zancen Jetmund, na ce ina, ba a gabana ba.

Giyar ma mun sha. Petra ta karɓi kofin farko kamar yadda ta gindaya, ta ƙara, ta sake ƙarawa, daga nan ta kama waƙar coci. In wani ɗan koyo ya tambaye ka kayan da zai saya, ka ce bokiti biyu, da tukunyar aro, da ma'aunin zafi, ya kuma duba ko banɗakinsa na da ɗumi. Eilif dai har yanzu yana makokin tukunyar lantarki.

Rabin yis ɗin na aiko maka, in ka gwada ya tashi sai in turo sauran. Yanzu wa ke dariya?

Mai yin giya,
Tordis

Hornindal, bayan Ista

Zuwa ga Tordis, mai yin giya,

Gaisuwa gare ki da Eilif, da Petra wadda ban sani ba amma na yarda da hankalinta. Muna lafiya. Na jefar da sanda ɗaya, ɗayar ina korar tumaki da ita. Borgny ta ce in faɗa miki ranar da ta ɓoye sandunan nan ta sha zagin da ba ta sha ba tun aurenmu, kuma da za a sake, da ta sake.

Ki yi haƙuri da jinkirin amsa. Ni ma na ce ba zan rubuta ba sai na gani da idona.

Maƙwabta sun yi mana gayya an ɗora rufi. Ranar da na hura wuta a ƙarƙashin tukunya, na ɗebi ruwan farko a kwano na zuba abin da kika aiko. Ban gama goge muciya ba ya fara motsi, kafin in juya ya cika kwanon yana neman hanyar fita. Tunda nake ban taɓa ganin sa da zafin nama haka ba, zaman Arewa ya karɓe shi. Da ƙanshin ya taso na ce wa Borgny zan duba tumaki. Na zagaya bayan garke na yi kukana, ni kaɗai, har ya ishe ni. Na faɗa miki ne don ke kika jawo.

Ihu kuwa na yi wanda karnukan ƙetaren tafki suka amsa.

Ranar ɗanɗano ɗakin wuta ya cika. Kin san mutanenmu ba sa yabon giya, in ba ta yi ba sai kowa ya tuna da wani aiki a gida. Ba wanda ya tuna da komai. Jetmund ya kurɓa, ya juya ta a baki, ya dubi rufi kamar shi ya zo dubawa, ya ce, "Ba laifi." Sannan ya miƙo kwano. Can ya ce, "To wai ni, Ingvald, an ce naka ya mutu a firiza. Wannan na wane gida ne?"

Na ce, "Na gidan Tordis ne."

Ya ce, "Wace Tordis? 'Yar nan da ka yi wa dariya?"

Na ce, "Ita fa. A bokitin roba ta yi shi, a banɗaki, a saman bene. In kana so ka rubuta mata ka roƙa, ba ta da rowa." Aka kwashe da dariya, amma wannan karon ba ke ake yi wa ba.

Sauran rabin da kika ce za ki turo, kada ki turo. Ki ajiye a firiza, ki riƙa tashinsa ko da sau ɗaya ne a shekara, ki yi wa mutanen benenku bayani tun kafin ranar ihun. A kwarin nan gidan da aka je aka karɓo yis shi ne mai shi, wanda ya karɓa kuma ɗan aro ne, ko da shekarunsa sun kai nawa. Asalin yana wurinki yanzu. Nawa aro ne, kuma na gode.

Kakanki,
Ingvald